Ciwon baya ya kwantar da ni wata 14, yayana ya ce raki ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 36, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, sana'ata tuƙin adaidaita sahu. Wata 14 ke nan da na kama wa wata fasinja buhun shinkafa za mu sauke, na ji kwankwasona ya riƙe. Na zaci kwana biyu zai sake ni. Na yi makonni ina shan haɗin kemis, an yi mini ƙaho, an kai ni wajen maɗori, shiru. Yayana ya biya aka yi mini hoton MRI. Likitan farko ya ce ƙashin bayana ya fara zaizayewa, diski ɗaya ya turo, in na sake ɗaukar abu mai nauyi ina iya shanyewa. Na biyu ya dubi hoton nan ɗin dai ya ce bai ga abin da zai kwantar da ni ba. Tun daga lokacin na mayar wa mai mashin makullinsa. Yini nake a tabarma, salla a zaune, barci rabi da rabi. Ciwon da ya fara a gefe ɗaya yanzu ya mamaye ƙugun ya hau har kafaɗa, ko yaro ya dafa ni sai na zabura. Wani aboki ya ba ni taramol mai lamba 225, yanzu ranar da ban sha ba duk jikina ciwo yake. Yayana ya ce raki ne da son jiki, ya ɗauke ƙafa daga gidana. Mahaifiyata ta ce jifa ne, har ta fara kama suna. Maiɗakina ce ke riƙe da gida da sana'ar awara, ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ina ganin gajiya a fuskarta, kuma har shimfiɗa na ƙaurace mata don tsoron abin da likita ya faɗa. Wani ya ba ni shawara in sayar da filin da na gada a yi mini aiki. Na fara jin ba ni da wani amfani. Don Allah, da gaske a kaina ciwon yake? In sayar da filin? A sakaya sunana. Daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Bari in amsa tambayoyinka biyu tun kafin mu yi nisa, don kada ka karanta sauran zuciyarka na ɗar-ɗar. Ciwonka na gaskiya ne, ba raki kake yi ba. Fili kuwa kada ka sayar yanzu. Cikin duk abin da ka bayyana babu alamar da ke nuna wuƙar likita ce maganinka, kuma akwai hanya mai arha da har yanzu ba ka bi ba.

Sai dai akwai ciwon bayan da ba ya jira, dole mu fara kawar da shi. In fitsari ya ƙi fita, ko shi ko bayan gida suna zubo maka ba da saninka ba, ko tsakanin cinyoyinka da mazaunanka sun mutu ba ka jin taɓi, ko ƙafa tana ƙara rauni har kana jan ta, nufi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. In kana zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama ba dalili, ko tarin da ya daɗe, ka gaya wa likita a bincika tibi, wato tarin fuka, domin a ƙasarmu yana kama ƙashin baya, ana kuma warkewa in an gano shi da wuri. Haka in kana da sikila, ko kana yawan shan nonon da ba a tafasa ba, ko bayanka kan sandare da asuba fiye da rabin awa sai ka motsa ya saki. Kowanne da gwajinsa da maganinsa. Ba ka ambaci ko ɗaya ba, likitoci biyu kuma sun ga hotonka, shi ya sa hankalina ya kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon baya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata cuta takamaimai da za a ɗora wa laifin. Ga alama cikinsu kake.

To, likitocin nan biyu da suka bar ka a tsakiya. Na farko bai yi ƙarya ba da ya ce ya ga zaizaya da diskin da ya turo. Diski shi ne guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya, kuma kamanninsa na sauyawa da shekaru a jikin kusan kowa. A 2015 wasu likitocin hoto a Amurka suka tattara bincike 33 da aka yi a kan mutum sama da 3,000 waɗanda bayansu lafiya lau, ba ya musu ciwo ko kaɗan. Cikin 'yan shekara 30, kashi 52 cikin 100 hoto ya nuna diskinsu ya fara zaizayewa, kashi 40 kuma ya turo. Cikin 'yan shekara 40, kashi 68 da kashi 50. Ke nan da za a kwashe abokan sana'arka goma sa'o'inka daga tasha a saka su cikin injin nan, sai an samu wajen rabinsu da hoto irin naka, alhali yau da safe sun fita aiki. Inda na saba da likitan farko shi ne kalmar shanyewa. Magana ce mai nauyi ƙwarai a kunnen mai ciyar da mutum biyar da ƙarfin bayansa, kuma turowar diski irin wannan ba ta kai a faɗe ta ba. Ina jin ciwon yadda ake sakar wa marasa lafiya irin wannan kalma cikin minti biyu, su kuma su ɗauke ta shekara guda. Na biyun ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma ya bar ka a rabin hanya. Ya gaya maka hoto bai nuna dalilin ciwonka ba, bai gaya maka inda dalilin yake ba, kai da yayanka kuka fassara maganarsa da cewa babu ciwon.

Ga inda yake. Jijiyoyin da ke cikin tsoka da gaɓoɓi suna kai saƙo ga laka, wato igiyar jijiyoyin da ke cikin ƙashin baya, laka ta miƙa wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta auna: akwai haɗari ko babu? In ta ga akwai, sai ka ji ciwo don ka kare wurin. Tun a 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa laka ba miƙa saƙo kawai take yi ba, tana iya rage shi ko ta ƙara shi, shi ya sa in ka buge gwiwa kake murza wurin kuma ka ji sauƙi. A 1983 Clifford Woolf, yana aiki a Landan, ya nuna a jikin ɓeraye cewa bayan rauni jijiyoyin laka kan ƙara kaifi, har taɓin da ba ya sa su motsi a da ya riƙa tayar da su, kuma abin ya bazu zuwa wuraren da raunin bai taɓa ba. A makonnin farko wannan rahama ce, shi ke hana ka fama wurin. Tsoka da jijiyar da suka gurɗe yawanci kan haɗe cikin makonni zuwa wata uku, kaifin ya koma yadda yake. A wasu mutane kuwa ba ya komawa. Naman ya warke, amma gargaɗin bai daina ba. Shi ya sa likitoci ke ware ciwon da ya haura wata uku su ba shi kulawa ta daban. Bahaushe ya riga ya faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gudun na gaske ne, bugun zuciyar na gaske ne, ko da yake tsumma ne a ƙasa. Sake karanta wasiƙarka da wannan idon. Ciwo ya fara a gefe ɗaya, ya mamaye ƙugu, ya hau kafaɗa, hannun yaro ma yana sa ka zabura. Diski ɗaya a ƙasan baya ba shi da hanyar kai ciwo kafaɗa. Jijiyoyin da suka yi kaifi fiye da kima su ne ke da wannan halin.

Me ya sa wani ke warkewa wani kuma ciwon ya zauna masa? A Jami'ar Northwestern da ke Shikago, Vania Apkarian da abokan aikinsa sun bi mutum kusan 40 da ciwon baya bai daɗe da kama su ba, suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu har shekara guda, suka fitar da sakamakon a 2012. Wajen rabi suka warke, rabi ciwon ya zarce. Abin da ya bambanta su tun a hoton farko shi ne ƙarfin alaƙar da ke tsakanin sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsin rai da koyon darasi daga abin da ya sami mutum. Da tafiya ta yi nisa, a wajen waɗanda ciwon ya zauna musu sai aikin ya riƙa ƙaura daga sassan jin rauni zuwa sassan tsoro da damuwa. Don haka da ka ce ko a kanka ciwon yake, amsar ita ce kowane ciwo da ɗan Adam ke ji, har na karaya, sai ya bi ta laka da ƙwaƙwalwa, kuma su ma gaɓoɓin jiki ne kamar hanta da ƙoda. Wannan ba taɓin hankali ba ne, ba kuma raunin imani ba. Abin farin ciki a ciki shi ne jijiyoyin da suka koyi tsoro suna iya koyon natsuwa.

Abubuwan da ke ciyar da wannan kaifin duk suna cikin wasiƙarka, ba kuma don in ɗora maka laifi nake lissafa su ba, duk wanda aka ce masa zai shanye tabarma zai nufa. Na farko kwanciyar ce. A 1995 a Helsinki ta ƙasar Finlan aka raba ma'aikata 186 masu sabon ciwon baya gida uku: wasu kwanciya ta kwana biyu, wasu motsa baya na musamman, wasu kuma su ci gaba da harkokinsu gwargwadon iko. Na ƙarshen nan su suka fi saurin warkewa, masu kwanciya suka zo a baya. Kwana biyu ke nan, kai kuwa ka haura shekara. Tsokar da ba ta aiki tana raunana, gaɓa ta ƙage, ranar da ka yunƙura sai ka ji ciwo ya ƙaru, ka ce ga shi likita ya faɗa, ka koma ka kwanta. Masu bincike a Holan da Suwidin sun daɗe da nuna yadda wannan zagayen ke tafiya, har tsoron ciwo ya fi ciwon kansa naƙasa mutum. Na biyu barci. Daren da ba a yi barci ba yana sa jiki ya fi jin zafi washegari, kuma rashin barci ya fi jawo ciwo a kan yadda ciwo ke jawo rashin barci. Na uku tunanin cefane da kuɗin makaranta da maganar yaya, waɗanda ke hana jiki sakewa dare da rana.

Haɗin kemis ma ina da magana a kansa. Sau da yawa akwai diklofenak a ciki, wani lokacin har da dekzametason, duka biyun magungunan danne kumburi ne, mai sha kuma bai san me ya haɗiya ba. A 2022 masu bincike na Jami'ar McGill a Kanada da takwarorinsu na Italiya suka bi mutum 98 masu sabon ciwon baya na wata uku suna gwada jininsu. Waɗanda suka warke su ne waɗanda fararen ƙwayoyin jininsu suka tashi da ƙarfi suka haddasa kumburi a farko, sannan ya lafa. Da suka danne wannan kumburin da magungunan nan biyu a jikin ɓeraye, ciwon ya yi sauƙi na ɗan lokaci, sannan ya daɗe fiye da yadda ya saba. Wannan manuniya ce, bai isa a ce shi ya zaunar maka da ciwo ba, kuma likita na iya rubuta maka irin maganin na 'yan kwanaki in bukata ta taso. Abin da babu shakka a kansa shi ne shan su wata da watanni yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. In akwai ragowar haɗin, ƙulle shi a leda ka kai wa likita ya ga abin da ke ciki.

Taramol ne ya fi tayar mini da hankali. Hukumar NAFDAC ba ta amince da wanda ya wuce lamba 50 da 100 ba, mai 225 ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, kuma yawansa na iya sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Ciwon jikin da kake ji ranar da ba ka sha ba jikinka ne ya saba yake neman ƙwayar. Daɗewa a kan irin waɗannan ƙwayoyi ma kan ƙara wa jijiyoyi kaifin da muke son ragewa. A Ostireliya an gwada wata ƙwaya dangin taramol da ta fi shi ƙarfi a kan mutum 347 masu sabon ciwon baya da wuya, aka ba rabi ta gaske, rabi wadda babu magani a cikinta. Bayan mako shida babu bambanci, bayan shekara kuma masu ta gasken sun ɗan fi jin ciwo. A 2023 aka bayyana wannan, kuma a ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa ba masu daɗaɗɗen ciwon baya wannan dangin magani. Kada kunya ta hana ka faɗa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba, kuma da yawa ta ƙofar ciwon jiki da aikin ƙarfi suka shiga. Amma kada ka yanke shi dare ɗaya, jikin zai tayar maka da bori ka koma da gudu. Gaya wa likita nawa kake sha a rana, ba ragi, ya tsara maka saukowa mataki-mataki. Kuma ina roƙonka, kada ka ɗauki fasinja da wannan ƙwayar a jikinka.

Yanzu abin yi. A makon nan ka koma asibiti, ka ga likita ya duba ƙarfin ƙafafunka da hannunsa, ya tambaye ka alamomin da na lissafa, sannan ka nemi ya tura ka sashen gashin ƙashi. Kana Kano, akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In ka je, kada ka tsaya a kan a ɗora maka na'ura mai ɗumi ka tashi. Ce wa likitan gashin kana so ya koya maka sunkuyawa da zama da ɗaukar kaya ba tare da tsoro ba. Irin wannan aikin aka gwada a biranen Perth da Sidni a kan mutum 492 da suka daɗe da ciwon baya: zama bakwai cikin mako 12 da ɗaya na tuni daga baya, ana sauraron labarin mutum, ana warware masa abin da yake tsoro, ana sa shi yin motsin da ya daina yi da sakakken jiki. Sun samu sauƙi mai yawa fiye da masu kulawar da aka saba, kuma bayan shekara sauƙin na nan.

Kafin layi ya zo kanka, fara da tafiya. Minti biyar zuwa goma, safe da yamma, masallacin unguwa ya isa. Ka yi adadin nan ranar da jiki ya yi daɗi da ranar da bai yi ba, kada ranar sauƙi ta ruɗe ka ka yi ta awa guda ka kwanta kwana uku. Kowane mako ƙara minti biyu ko uku. Ciwon zai ɗan motsa, wannan ba alamar ɓarna ba ce. Ma'auninka shi ne in ya koma yadda yake kafin washegari, ci gaba. In ya wuce haka, rage kaɗan na kwana biyu, amma kada ka koma sifili. Tabarma ta zama ta dare. Da rana zauna, tashi, zagaya, kama wa maiɗakinka abin da hannu zai iya. Salla a zaune halas ce gare ka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Amma ka mayar da komawa tsayuwa burinka. Fara da karatu a tsaye, bayan kwanaki ka ƙara rabin ruku'u hannu a cinya kana sakin numfashi, sujada ta biyo baya. Sau biyar a rana bayanka zai riƙa samun shaidar cewa lanƙwasawa ba ta karya shi. Ruwan ɗumi da tausa suna taimakawa na ɗan lokaci, yi amfani da su don ka samu ka motsa. Bel ɗin ɗaure ƙugu bar shi. Ƙaho in za ka sake, a tabbata sabuwar reza ce da kaya masu tsafta, kada kuma ka jingina warkewarka a kansa. Barci kuwa ka tsayar masa da lokaci ɗaya, ka bar shayi mai kauri da goro bayan la'asar, ka ajiye waya nesa da matashi. In kana shan taba, ita ma tana cikin abubuwan da ke zaunar da ciwon baya.

Kada ka jira sai ciwo ya tafi kaf kafin ka koma nema, komawa aikin na cikin maganin. Bayan an sauke ka daga taramol, je ka sami mai mashin ku yi magana: rabin yini da rabin balas, ko ku raba yini da wani direban. Sa matashi a kujera, duk bayan awa ka sauka ka miƙe ka taka, ka guji hanyoyi masu ramuka a makonnin farko, buhu kuma a bar wa 'yan dako tukuna. In mashin bai samu ba, kowace sana'a da za ta fitar da kai daga gida ta haɗa ka da mutane ta fi zaman ɗaki.

Yayanka ya ɓata maka rai, kuma kalmar raki ba daidai ba ce. Amma ka tuna shi ya ciro kuɗin hoto, ba kuma ƙananan kuɗi ba ne. Mutum ne da ya kashe abin da yake da shi don a ga ciwon, aka ce masa ba a ga komai ba, ga ƙaninsa a kwance, ga iyali. Ina ganin tsoro da gajiya ne suka fito masa ta bakin faɗa. Kai ne ƙarami, kai za ka taka. Je ka gaishe shi, kada ka buɗe da gardamar ko ciwon gaskiya ne. Ce masa, "Yaya, na samu bayanin abin da ke damuna, zan fara gashi da tafiya, ina so ka raka ni ranar farko." In ya ji bayanin daga bakin likita zai fi shigarsa, kuma wanda ya gan ka kana yunƙuri da wuya ya sake cewa son jiki.

Mahaifiya kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, ɗanta ta gani ƙaƙƙarfa ya zube, asibiti ba su ba ta amsa ba, ta nemi amsa inda ta sani. Kada ka yi jayayya da ita. Karɓi addu'arta da hannu biyu, ka yi azkar ɗinka, babu inda suka ci karo da magani. Abu biyu kawai za ka tsare cikin ladabi. Kada kuɗin gidan su tafi wajen masu duba. Kada kuma a kama sunan kowa, domin zargin jifa yana raba zumuncin da har jikoki ba za su iya ɗinkewa ba, ga alhakin wanda bai ji ba bai gani ba. Ce mata, "Inna, likita ya gano jijiyoyi ne, ana warkewa, ki sa ni a addu'a, sunan mutane kuma mu bar wa Allah." In maganar ta fi ƙarfinka, nemi kawu ko malamin da take jin nauyinsa.

Maiɗakinka ita ta fi kowa ɗaukar nauyin nan, ita ce kuma ba ta ce komai ba. Shirun nata kada ka ɗauke shi a matsayin ba ta bukatar jin komai. Zaunar da ita ka yi mata godiya da bakinka, ka gaya mata maganar taramol, ka ba ta ajiyar maganin da likita zai tsara tana ba ka a kan lokaci. Ka kuma gaya mata dalilin ƙauracewarka, don mai yiwuwa tana can tana zargin kanta. Kusantar iyali ba ta shanye mai irin ciwonka. Ku nemi yanayin da bai takura ƙugu ba, a hankali, taramol ɗin ma yana rage sha'awa, saukarsa za ta taimaka. Ka kuma roƙe ta kada tausayi ya sa ta riƙa hana ka motsi. In ta gan ka za ka ɗauki buta, ta bar ka.

Aikin tiyata yana da wurinsa: jijiyar da aka danne har ƙafa na rauni, ko ciwon da ke sauka ƙafa ya ƙi jin magani, ko alamomin gaggawar da na fara da su. Amma ga ciwon baya irin naka, gwaje-gwajen da aka yi a Ingila da Norwe sun nuna haɗe gaɓoɓin baya da tiyata bai fi tsararren motsa jiki da koyar da marar lafiya wani abin a-zo-a-gani ba, ga haɗari ga tsada. Ba wa wannan tsarin wata uku cur. In bayan nan wani ya sake kawo maganar aiki, sai likitan ƙashi ya nuna maka takamaiman abin da zai gyara, ka kuma ji ta bakin na biyu kafin a taɓa fili.

Maganarka ta cewa ba ka da amfani ban wuce ta ba. Daɗaɗɗen ciwo da ciwon damuwa suna yawan tafiya tare, kowanne na ƙara wa ɗayan nauyi, kuma damuwa tana da magani. Gaya wa likita wannan jimlar kamar yadda ka rubuto mini ita. In tunanin ya taɓa kai ka ga jin gara mutuwa, ko ka cutar da kanka, kada ka kwana da shi, faɗa wa maiɗakinka ko yayanka a ranar ku tafi asibiti tare. Sami ɗan littafi ka riƙa rubuta minti nawa ka yi tafiya, awa nawa ka yi barci, ƙwaya nawa ka sha, da abin da ka iya yi yau wanda ba ka iya ba makon jiya. Da shi za ka riƙa zuwa asibiti, kuma bayan mako shida ka sake rubuto mini abin da ke cikinsa mu ga inda za a gyara. Allah ya ba ka lafiya, ya saka wa maiɗakinka da alheri.